Na Gwada Mijina Don In Ga Ko Ya Gaji Muguntar Mahaifinsa

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa, wannan ta huɗun na yi wa kaina alkawarin duk yadda ta fito haka zan turo, ko da kin ce na cika surutu. Kada ki sa sunana. Ba ni da wanda zan gaya wa. Mahaifiyata in ta ji hawan jininta zai tashi, ƙawayena kuma dariya za su yi min, su ce littattafai ne suka juya min kai. Wataƙila ma da gaskiyarsu.

Shekaruna ashirin da uku, aurenmu wata goma sha tara. Tun ina sakandare nake karatun littattafan soyayya, har yau in ban karanta ko shafi goma ba ji nake kamar ban wanke fuska ba. A cikin duk mazan da ake rubutawa, wanda ya fi tafiya da ni shi ne mai shiru, wanda ba a gane fushinsa ko murnarsa, sai can wajen ƙarshe ya narke saboda mace ɗaya. Ranar da na fara ganin maigidana cewa na yi ga shi an ciro min daga takarda. Gyaran keken ɗinki yake yi, teloli na layinsu suna ce masa Injiniya. Na raka yayata ta kai kekenta da ke tsinke zare. Ko ɗago kai bai yi ya kalle mu ba, ya juya keken a hankali, ya kara kunnensa kamar mai sauraren ƙirjin jariri, ya ce ba laifin keken ba ne, allurar aka sa a juye. Yayata ta ji kunya, ni kuma na tafi gida da muryarsa a kunnena.

Gwaggo, ba zan yi masa ƙarya ba, na ji daɗin zama da shi. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Shi ba ya karanta littattafan, amma duk ƙarshen mako sai ya biya wajen mai sayar da tsofaffin littattafai ya zaɓo min ɗaya, wai da kauri yake zaɓa don in daɗe ban dame shi ba. In ya dawo ya same ni ina sharar hawaye a kan kujera sai ya ajiye jakarsa ya tambaye ni, yau wa aka raba da wa, kuma ko ya je ya sa baki. Sai in jefe shi da matashin kujera.

Akwai dai wasu abubuwa da nake gani ban ɗauke su da muhimmanci ba. Ba ya ɗaukar jarirai. In maƙwabciyarmu ta miƙo masa 'yarta sai ya mayar da hannuwa baya ya ce akwai mai a jikinsa, ko da yanzu ya fito wanka. In ransa ya ɓaci sai ya cusa hannuwa biyu a aljihu, ya sauka daga benenmu, ya taka har ƙarshen titi ya dawo. In na ɗauko zancen haihuwa sai ya ce akwai lokaci. Kuma tun aurenmu sau biyu kacal muka je gaishe da mahaifinsa. Wani ɗan dattijo ne fes-fes, ya yi ritaya daga aikin kula da sito a wata masana'anta, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya yi ta shi min albarka har na ce a raina na yi dace da suruki. Da muka fito na ga rigar maigidana ta jiƙe sharkaf da gumi a baya, alhali ranar ma akwai sanyi.

Wata huɗu da suka wuce yayarsa, wadda muke kira Yaya, ta zo taya ni yankan labule, da 'yan matanta biyu masu shegen surutu da suka cika min falo da ɓawon lemo. Muna aune-aune na ce mata, ai Injiniya Baba ya biyo wajen sanyin hali. Sai ta ajiye almakashin. Ta kori yaran waje su yi wasa, ta ce kada in ƙara faɗin haka a gabansa.

Ga abin da ta gaya min. Ta ce Baba bai taɓa yi musu tsawa ba. In yaro ya yi laifi, da safe wajen karyawa zai ce masa, ni da kai bayan la'asar. Shi ke nan, yaro ya wuni a makaranta da wannan a ransa. In lokacin ya yi, yaron ne zai je ya ɗauko wayar lantarkin da za a dake shi da ita, Baba ya karɓa ya ce na gode. Ta ce da fushi yake yi da abin ya zo musu da sauƙi, amma fuskarsa a sake take, wani lokacin har da ɗan murmushi. Maigidana yana shekara tara yana da tantabaru biyu. Ya manta bai share tsakar gida ba, sai Baba ya ɗauki kejin ya ajiye a tsakiyar rana, ya hana a ba su ruwa, ya zaunar da shi a inuwa daidai inda zai riƙa ganinsu ya ce ya yi aikin makarantarsa. Kwana biyu ana haka. Ban iya tambayarta ƙarshen ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ce an ce kakansu ma haka yake. Kuma babban wansu, wanda suke kira Dogo, shi ya kwaso halin kaf: mata biyu sun gudu daga gidansa, ta biyun da karyayyen hannu, kuma har yau in ana zancen cewa yake ita ta ja. Yaya ta ɗauki almakashinta ta ce, a jininmu yake, sai wanda Allah ya tsare.

Wannan kalmar ta jini ita ta shige ni. Na ajiye littattafai na koma bincike a waya. Na karanta zancen ƙwayoyin halitta da ake gada daga iyaye, da tagwayen da aka raba tun suna jarirai suka tashi da hali iri ɗaya, da wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka ce in bai yi aiki sosai ba mutum ba ya jin tausayi. Rabi na gane, rabi ban gane ba, amma duk na ji tsoro. Na tarar da wani jerin alamu na irin waɗannan mutanen: natsuwa fiye da kima, rashin kuka, iya jan hankalin mutane. Na fara auna mijina da su. Na tuna bai yi hawaye ba ranar da abokinsa ya rasu. Na tuna yadda ya kashe ɓera a kicin ko gezau. In yana cin abinci sai in tsura wa hannunsa ido, don babban yatsansa irin na Baba ne sak, mai faɗin farce. Shirun nan da na ƙaunace shi saboda shi, yanzu in ya yi sai in ji kamar ana ce min ni da ke bayan la'asar.

Ki yi dariya in kin ga dama, Gwaggo, amma har hotonsu na dā na ɗauko ina dubawa, ina fatan in ga bai yi kama da Baba ba. A littafi ɗan mugu ko dai mugu ne, ko kuma a gano daga baya cewa musanya shi aka yi a asibiti. To nawa ba a musanya shi ba. Har kunnuwan iri ɗaya ne.

Ana cikin haka na ga wata ya wuce ban ga al'adata ba. Na sayi abin gwaji a kemis, ya nuna ina da ciki. Maimakon in yi murna sai na zauna a bakin baho ina tunanin me na ɗauko. Na yanke wa kaina cewa kafin in gaya masa sai na san waye shi in an kai shi bango.

Ga abin kunyar da na yi. Wata Asabar ya zo da aiki gida, tsohon keken wata dattijuwa mai ɗinki, irin wanda an daina yin kayansa. Yadda yake aiki, in ya kwance keke ba ya rubuta komai. Jera ƙananan notunan da sauran ƙarafunan yake a kan wani tire daga hagu zuwa dama, yadda ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, in zai haɗa sai ya biyo su daga dama zuwa hagu. Na san wannan sarai, shi ya nuna min da kansa lokacin muna sabon aure. Ya wuni a kai, tiren ya cika. Na shiga ɗaki na sa takalmina na fita unguwa, na zare sakatar ƙofa, na ɗauko tsintsiya kamar zan yi shara, na zo wucewa na ture tiren da ƙuguna.

Har yau ina jin ƙarar. Wasu suka gangara ƙarƙashin kabad, wasu suka shige tsagin tayil. Na tsaya kusa da ƙofa ina kallonsa. Ya kalli ƙasa ya daɗe. Ya cusa hannuwa a aljihu. Can ya ciro su, ya ɗauko maganaɗisu a jakarsa, ya durƙusa ya fara tsinta. Ya fi awa ɗaya a durƙushe, ni kuma na kasa ko zama.

Da ya gama, bai kalle ni ba, ya ce tun da muka yi aure bai taɓa ganin na yi shara da takalmin unguwa ba. Ya tambaye ni ko Yaya ce ta ba ni labari. Na gyaɗa kai. Ya ce, to kin ga abin da kike nema? Sannan ya ce abin da na nema yau, shi tun yana shekara goma sha biyu yake nemansa, kullum in zai yi aski fuskar Baba yake gani a madubi. Ya ce ba zai yi min ƙarya ba, lokacin da tiren ya faɗi ya ji abin ya taso masa har cikin damatsa. Ya ce shi ya sa ba ya son haihuwa, gara abin ya tsaya a kansa. Gwaggo, maganar cikin tana bakina, na haɗiye ta.

Wani ɗan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe na cikin keken, bai fito ba sam. Kwana uku yana yawon nemansa a wajen masu tsofaffin kekuna, ya ba dattijuwar haƙuri ya ce shi ne ya yi sakaci.

Yau sati uku ke nan. Bai yi fushi da ni ba, da ma ya yi. Yana gaishe ni, yana cin abincina ya ce an gode. Amma yanzu sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo ɗakin da yake nasa ne. In zai wuce ta bayana sai ya yi gyaran murya don kada in firgita. In muna ɗaki ɗaya sai ya tashi ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe. Ba tsokana, ba littafi. Ya mayar da kansa kamar wani abu mai haɗari da ake ajiyewa nesa da yara, kuma ni na jawo.

Cikin ya kai wajen sati goma sha ɗaya. Ban je awo ba don kada ya ga katin. Wani lokacin in ce in tattara in tafi gidanmu in ce jinya na je yi wa mahaifiyata, har sai abin ya fito da kansa. Wani lokacin in ji tsoron in na gaya masa shi zai tafi, yana ganin ceton mu yake yi.

Ki gaya min gaskiya, Gwaggo, ko da ba daɗi. Mugunta ana gadonta a jini? Abin da ya ce ya taso masa a hannu, shi ne na Baba yake jiran ranarsa? Abin da ke cikina fa, zai iya zuwa da zuciyar kakansa, in shayar da shi in goya shi, wata rana in ga yana murmushi wani na kuka? Kuma ta ina zan fara da mutumin da na kafa wa tarko?

'Yarki da ta rasa inda za ta sa kanta

*

'Yata,

Kafin komai, ki je awo a cikin satin nan. Duk yadda lissafin jini ya kaya, cikin nan yana buƙatar a duba shi, ke ma haka, kuma wannan ba ya jiran sai kun shirya da maigidanki.

Kin ce in gaya miki gaskiya, to ba zan ce miki jini ba ya komai ba. Na kai tambayarki wajen wata ƙawata likitar ƙwaƙwalwa da ta daɗe a aikin, ga abin da na fahimta. Binciken da aka yi a kan tagwaye da kan yaran da aka ba da riƙo tun suna jarirai ya nuna gado yana da hannu a halaye irin su saurin fushi, rashin jin tsoro, da ƙarancin tausayi. Gaskiya ne kuma akwai sassa a ƙwaƙwalwa, musamman na gaba, bayan goshi, da ke aiki kamar birki, kuma ƙarfin birkin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin da kika karanta ba duka ne shirme ba.

Amma ga abin da wayar ba ta tsaya ta bayyana miki ba. Babu wata ƙwayar halitta guda ɗaya mai suna mugunta da uba ke miƙa wa ɗa. Ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, kowacce da ɗan tasirinta kaɗan, kuma a kowace haihuwa sabon haɗi ake yi, rabi daga uwa rabi daga uba. Abin da ake gada karkata ce, ba hukunci ba. Alƙaluman masana a kan dubban mutane suke magana, ba za su iya nuna mutum ɗaya su ce ga abin da zai zama ba, kuma babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai gaya miki hakan. Sannan a gida irin na surukinki, wanda ya ba da jinin shi ne kuma ya riƙe wayar dukan. Ko a kan Dogo, babu mai iya raba miki nawa ya gada nawa ya koya. Uba ɗaya ya haifi mutum uku, ɗaya ya karya hannun matarsa, biyu suka tashi suna tsoron su cuci wani. Ga kuma 'yan matan Yaya da suka cika miki falo da surutu. Jikokin Baba ne su ma. Yaran da ke zaune cikin tsoro ba sa zubar da ɓawon lemo a falon mutane.

Yanzu abin da ya taso masa a hannu. Ki sake karanta wasiƙarki. Yaya ta ce Baba ba fushi yake yi ba, shiryawa yake, ya sa lokaci, ya ji daɗi. Maigidanki kuwa fushi ya yi. An watsar masa da aikin wuni guda da gangan, ni ma da abin ya taso min har wuya. Kowa yana jin wannan. Inda ake bambanta shi ne abin da mutum ya yi da shi, shi kuma aljihu ya sa hannu, sannan ya durƙusa ya tsince. Mutanen da kika karanta labarinsu an fi saninsu da rashin tsoro, rashin nadama, da ɗora laifi a kan wani. Naki rigarsa jiƙewa take a gaban mahaifinsa, ya ɗauki laifinki ya kai wa dattijuwa a matsayin nasa, kuma ya gaya miki gaskiyar da ya san za ta rage masa daraja a idonki. Ban ga rashin tausayi a nan ba. Na ga mutumin da aka firgita yana yaro, har yau yana gadin kansa.

Sai dai ban san shi ba, wasiƙarki kawai na sani, don haka ki riƙe wannan ma. In wata rana ya ɗaga miki hannu, ko ya yi miki barazana, ko ya fara raba ki da danginki, ko kika ga yana jin daɗin tsoronki, kada tausayin ƙuruciyarsa ya zaunar da ke. Ki fita, ki gaya wa naki. Da abin da mutum yake aikatawa ake auna shi, ta kowane ɓangare. Da farcen yatsa kuwa ba a auna kowa.

Zan faɗa miki wata magana mai ɗaci, don na ga za ki iya ɗauka. A ranar Asabar ɗin nan, mutum ɗaya ne a gidan ya zauna ya tsara abin da zai yi wa wani ciwo, ya zaɓi lokaci, ya tsaya yana kallo, kuma ba shi da ɗigon jinin Baba a jikinsa. Ban ce ke muguwa ce ba, tsoro ne ya sa ki, ga ciki sabo, ga labarin da ya fi ƙarfin kanki. Na faɗa ne don ki ga cewa cutar da wani ba sai an gada ba, kuma wanda ya yi yana iya nadama ya gyara. Shi ma yana da nasa laifin. Cewa akwai lokaci ba amsa ba ce ga matar da ke tambayar haihuwa. Ya kamata tun kafin aure ya gaya miki abin da ke ransa, bai kyautu ki ji a bakin Yaya kina riƙe da labule ba. Kowannenku ya ɓoye wa ɗan'uwansa tsoro iri ɗaya.

Batun abin da ke cikinki. Zai iya zuwa da zafin rai, ko taurin kai, ko rashin tsoro, kamar yadda ɗan kowa zai iya. Ƙawata ta ce ko a yaran da aka san sun gaji haɗarin ƙarancin tausayi, an ga riƙo mai ɗumi, da yabo in sun yi daidai, da doka marar canzawa ba tare da duka ba, suna rage abin ƙwarai. In ya fara girma kika ga yana yawan cutar da dabbobi ko yara ba ya damuwa, a kai shi wajen masana da wuri, akwai taimako, kuma da wuri ya fi ci. Amma kada ki raine shi kina leƙen fuskarsa kina neman kakansa. Yaron da ya tashi ana zarginsa yana ji a jikinsa. Abu ɗaya da zan ce ki tsaya a kai ba sassauci: ba a barinsa shi kaɗai da Baba ko da Dogo, ko na minti biyar, ko wa zai ji haushi.

Littattafanki kuma kada ki zubar, ni ma ina taɓawa. Ki dai sani marubuci yana buƙatar mugu a gane shi da wuri don labari ya tafi, mutane na gaske ba haka aka yi su ba. Binciken wayar ne nake so ki ajiye, ya ba ki abin da zai iya ba ki.

Kada ki tafi gida da sunan jinya. Zai fassara tafiyar da cewa kin gama bincike kin same shi da laifi, kuma ranar da ya ji labarin cikin daga wani bakin, gyaran zai yi wuya. Ki fara da ba shi haƙuri, da rana, kuna zaune, ba a kan abinci ba. Ki ce da gangan kika yi, kin ji tsoro ne, kin zalunce shi, kuma ba kya tsoronsa, in dai har hakan ne a ranki. Kada ki haɗa da zancen cikin a numfashi ɗaya, kada ya zama kamar garkuwa kika ɗauko. Ki bar haƙurin ya kwana. Washegari, ko jibi in ya yi nisa, ki gaya masa, ki kuma gaya masa tun yaushe kika sani.

Kada ki sa ran zai yi tsalle. Zai iya yin shiru, zai iya fita ya taka ya dawo, zai iya cewa abin da ba za ki so ji ba. Ki ba shi kwanaki. In ya kawo zancen tafiya don ya cece ku, ki ce masa ba ki nemi a cece ki daga gare shi ba, uban ɗanki kike nema, ki kuma kira Yaya ta zauna da ku, don ita ta riga shi bin wannan hanyar ta haihu ta yi raino. Ki roƙe shi ya ga mai ba da shawara a kan lafiyar zuciya da tunani, akwai su a manyan asibitoci, ki ce za ki raka shi in yana so. Abin da aka yi masa yana shekara tara bai taɓa samun wanda ya zauna ya saurara ba. Kuma tun kafin haihuwa ku zauna ku yanke yadda za a yi horo a gidanku: me za a yi in yaro ya yi laifi, wa zai karɓi yaron in ɗaya ya ji ransa ya ɓaci. Mutum mai tsari irin nasa zai samu natsuwa in ya ga abin a shirye.

Ba zan yi miki alkawarin komai zai tafi sumul ba, babu iyayen da aka taɓa ba wa wannan takardar. Amma ya daɗe yana ɗauke da tsoron nan shi kaɗai, ke ma kin ɗauki naki wata huɗu ke kaɗai. Ku haɗa su wuri ɗaya ku ɗauka tare. Ki gaya masa a cikin satin nan, 'yata.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa a gidan da ba a jin tsoron kowa.

Gwaggonki